Rasuwar Beryl, Tukunyar da Rodney Ya Kashe da Ruwan Ƙanƙara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi baƙin ciki zafi wanda matarsa ta hana a rubuta, Merv Trewin na garin Balranald, mai kafa shingen waya a gonakin mutane, yake sanar da dangi da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa miƙo faranti, rasuwar tukunyarsa ta zuwa daji, Beryl. Ta rasu ranar Asabar ɗin Ista da rana tsaka, a bakin kogin Murrumbidgee. Ba tsufa ne ya kashe ta ba, ba kuma tsatsa ba. Mijin ƙanwar Merv ne, Rodney Sheedy, ya sheƙa mata ruwan ƙanƙara tana tsakiyar zafi, ta tsage tun daga baki har gindi. An ba Merv shawara ya rubuta cewa tsautsayi ne. Ya ce shi bai yi nisa a makaranta ba, amma ya san bambancin tsautsayi da Rodney.

Marigayiya baƙar tukunya ce ta ƙarfen zubi, mai ƙafa uku, da murfi mai gefe inda ake tara garwashi. Nauyinta ya kai na ɗan rago. Tsoho Clarrie, mahaifin Merv, shi ya saye ta tun yana saurayi, lokacin da yake bin masu askin tumaki gona gona yana yi musu girki. Ya sa mata sunan gwaggonsa, don ya ce halinsu ɗaya: ba ta saurin ɗaukar zafi, in kuwa ta ɗauka, ba ta hucewa da wuri.

Ta yi rayuwa mai amfani. Ta dafa cinyar rago, ta dafa zomo, ta dafa kifin kogi, a wata shekarar fari ma ta dafa abin da Clarrie bai taɓa yarda ya faɗi sunansa ba, aka ci kuma aka ƙoshi. Ba ta taɓa neman batir ba. Ba ta taɓa neman gas ba. Ba ta taɓa cewa sai an karanta takarda kafin a taɓa ta ba. Ta taɓa faɗowa daga bayan a-kori-kura a kan hanyar garin Hay, ta yi ta gungurawa har cikin ciyawa, kuma duk wanda ya gani ya shaida cewa titin ne ya ji ciwo. A ranar da aka yi iska, ita ta danne gefen tanti. A ranar ƙarancin kujeru an kife ta an zauna. Ba ta taɓa ƙorafi ba.

Ba mai yawan magana ba ce. In aka ɗora mata murfi ta ce "gwarang", sau ɗaya, kowa ya san abinci ya hau. In romo ya kama tafasa sai ta shiga "ɓul, ɓul, ɓul" a hankali, kamar tsohuwa tana gunaguni ita kaɗai. In an sauke ta tana hucewa, "tik... tik... tik", daga nan ta yi shiru. Iyakar maganarta ke nan a duniya, sai kalma guda da ta faɗa ranar ƙarshe, wadda za a zo kanta.

Abu biyu kawai ta roƙa a rayuwarta: kada a sa mata sabulu, kada a haɗa ta da ruwan sanyi tana da zafi. In an gama ci, a goge ta da tsumma, a shafa mata kitsen rago, a naɗe ta a buhu. Baƙin nan da ke jikinta ba dauɗa ba ne, kitsen girkin shekara da shekaru ne da wuta ta gasa ya zama fatarta. Shi ke hana abinci kamawa, shi ke ba shi ɗanɗano. Duk yaron da aka haifa a wannan yanki ya san haka kafin ya iya ɗaura igiyar takalmi. Rodney kuwa a nan aka haife shi. Ba baƙo ba ne, ba ɗan birni ba ne, uwarsa ma tana da irinta a rataye. Ba shi da uzuri ko na sisin kwabo, kuma ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su nemo masa.

Domin waɗanda suke cewa ai tukunya ce kawai, ga abin da ba su sani ba. Tun kafin a haifi Merv, duk Ista gidan Trewin suke kwasar kayansu su je su kafa tanti a wata lanƙwasa ta kogin nan. Da Clarrie ya rasu aka ƙona gawarsa, a nan aka zuba tokar a ruwa kamar yadda ya bar wasiyya. Kowace safiyar Lahadin Ista, matar Clarrie, mahaifiyar Merv, Mama Noelene, wadda ta haura tamanin, takan kwaɓa damfa da hannunta, burodin garwashi na fulawa da gishiri da madara. A gasa shi cikin Beryl, garwashi sama garwashi ƙasa, a yanko mata gutsuren farko da man shanu da zumar rake. Ta juya kujerarta ta fuskanci ruwa, ta ci, ba ta kula kowa. Saboda wannan gutsuren take jure wa girgizar hanya da gwiwoyin nan nata. Bana ma da bakinta ta ce ba ta jin za ta ƙara zuwa.

Abu biyu Clarrie ya bari masu daraja, tukunya da kwale-kwalen alminiyam mai inji. Tukunya ta faɗo hannun Merv. Kwale-kwale yana rumfar Mama Noelene an lulluɓe shi da tamfol, kuma Rodney ya daɗe yana zagaya shi yana shafawa, yana tambayar lafiyar injin fiye da yadda yake tambayar lafiyar mai shi. A ƙarshe Mama ta gaji ta ce in an dawo daga Istar bana za ta ba shi makulli. Tun daga ranar Rodney ya koma yaron kirki. Shi ne buɗe mata ƙofar mota, shi ne "Mama, a ƙara shayi?" A riƙe wannan, don shi ne tushen ciwon.

Rashin lafiyar marigayiya ya soma ne ranar haɗa kaya, a ƙofar gidan Merv. Rodney dillalin na'urar sanyaya ɗaki ne, irin mutumin da in ya shiga kantin kayan daji sayen ashana, sai an kira mota ta kwaso shi. Ya iso da hula sabuwa, da sikelin da matarsa take auna kanta a banɗaki.

"Bana tafiyar zamani za mu yi, suruki," in ji shi. "Duk abin da ya wuce kilo biyu, gida zai kwana."

"To fara sauka," in ji Merv.

Rodney ya yi dariyar da yake yi wa masu saye. Ya ciccibi Beryl da hannu biyu ya ɗora a sikeli, ya leƙa, ya yi fito.

"Mutumina, wannan ba tukunya ba ce, anka ce! A ɗaura mata sarƙa a jefa a kogi ta riƙe jirgi, iyakar amfaninta ke nan."

A gabanta ya faɗa. Tana ji.

Shi Merv ƙa'idarsa a kan kayan zuwa daji da iyali ba ta da tsawo. Abin da zai hana ruwan sama taɓa ku, abin da zai hana ku kwana da yunwa, jarkar ruwa, shebur, gatari, igiya, akwatin magani. Duk abin da sai an yi masa caji, ko sai an hura shi, ko yana da maɓalli fiye da ɗaya, ba kayan daji ba ne, jariri ne aka ƙara maka. Rodney kuwa ya zo da tantin da ake hurawa da famfo, da tukwanen roba da ake naɗewa kamar hular sanyi, da injin kofi mai batir, da shawa mai aiki da sola, da wasu ƙananan fitilu masu ƙyalƙyali wai na ratayawa a bishiya, kamar kifayen kogin ne suka ce suna son biki. Kowane ɗaya bai kai kilo biyu ba, gaskiya ne. Da aka haɗa su suka cika mota har rufi.

"Yaya, ka bar shi ya gwada kayansa mana," in ji Kerryn, ƙanwar Merv, wadda ta auro wa gidan wannan jarrabawa. "Me zai rage ka da shi?"

"Wuri zai rage ni da shi. Ina Beryl za ta zauna?"

"Ta huta bana," in ji Rodney. "Ta tsufa."

Mama Noelene tana zaune a gaban mota tun ɗazu, jakarta a cinya. Ta sauke gilashi.

"Ni ma na tsufa. In za a bar ta, a sauke ni tare da ita."

Nan take Rodney ya ce wasa yake yi. Haka marigayiya ta yi tafiyarta ta ƙarshe a ƙarƙashin ƙafafun Tegan, 'yar Merv, a takure, tsakanin karen gida Sarge da buhun dankali.

A wurin zango, kayan zamani suka bi juna suna mutuwa. Hadari ya rufe sama, sola ba ta ga rana ba, shawa ta zama jakar ruwan sanyi a rataye. Injin kofi ya yi kofi ɗaya da rabi ya suma. Tantin iska an shimfiɗa shi a kan ƙaya, kafin gari ya waye ya kwanta a kan masu shi, aka ga Kerryn ta rarrafo daga ciki tana faɗin kalmomin da Merv bai san ta iya ba. Iska ta hana ɗan rishon gas ci, sai Rodney ya matsa da tukunyar roba kusa da wuta, ta narke da waken da ke cikinta. Kujerar da ya kawo wa Mama dai mai kyau ce, gidan sauron ma ya yi aiki. Merv ba zai yi ƙarya a sanarwar mutuwa ba.

Wa ya ciyar da jama'a? Beryl. Safe, rana, yamma, ba hutu. Ranar Juma'a Rodney da kansa ya miƙa faranti sau uku, har yana suɗe ƙasan da burodi. Da wannan bakin ya ci abincinta, da wannan hannun ya kashe ta washegari.

Ga yadda ajali ya zo. Ranar Asabar bayan an ci na rana, Merv ya goge ta, ya ajiye ta gefen murhu, ya gangara kogi da Tegan duba ƙugiyoyin kamun kifi. Mama tana gyangyaɗi. Rodney ya dubi tsohuwa, ya dubi tukunya, ya tuna makulli. Ya ce bari ya yi abin da zai burge. Ya ɗauko sabulun ruwa da soson ƙarfe, ya zauna ya dirje ta, ciki da waje, har baƙin ya fita ta koma fari-fari kamar mara lafiya. Sai ya ɗora ta a tsakiyar wuta ba komai a cikinta wai ta bushe, ya hau rufin mota neman layin waya. Da ya sauko gindinta ya yi ja. Ya ruɗe. Abin da ke kusa da shi kular ƙanƙara ce, ya ciccibe ta ya juye gaba ɗaya.

"Ƙas!"

Kalmarta ta ƙarshe ke nan. Har bakin ruwa aka ji, tsuntsaye suka tashi daga kan bishiya. Merv ya ce tun bai juyo ba ya san ba bindiga ba ce.

Ya hawo gangaren da gudun da rabonsa da shi tun yana ɗan ƙwallo. Ya tarar da tururi, da toka jiƙe, da gwangwanayen giya a warwatse, da Beryl a kwance a gefe.

"Me ka yi mata?"

"Wanke ta na yi, mutumina. Na ce gobe Mama ta gasa burodinta a tukunya mai tsabta. Ka ga dauɗar da na cire kuwa? Wallahi sai da soso biyu suka ƙare."

"Dauɗa? Girkin ubana ka kankare ka zubar wa tururuwa, kana ce min dauɗa?"

"To ai ba laifina ba ne in ba ta da ƙwari. Ɗan ruwa kawai..."

"Ɗan ruwa! Zo in sa ka a wuta ka yi ja in zuba maka, mu ga naka ƙwarin."

"Haba, suruki, tukunya ce fa. Biyu zan sayo maka."

Kerryn ta shiga tsakani. Tegan, yarinya mai hankali, ta janye shebur daga inda hannun ubanta zai kai. Hayaniyar ta tashi Mama Noelene. Ta dubi tukunyar.

"Rodney, kawo min ita nan."

Ya jira ta huce ya kawo. Tsohuwa ta bi tsagar da ɗan yatsa daga sama har ƙasa, ta leƙa ciki, ta hango ƙasa ta cikin tsagar.

"Ka yi aiki," in ji ta. "Rabon da in ga ta yi fari haka tun kafin aurena."

Rodney ya yi murmushi. Ya ɗauka yabo ne. Kerryn ce ta taka masa ƙafa.

Safiyar Lahadi Mama ta kwaɓa fulawarta kamar kullum, ba wanda ya iya hana ta. Da ba tukunya, sai ta kife murfin a kan garwashi, ta yi ta yanko ƙullun tana fyaɗawa a kai. Ƙasa ya ƙone, tsakiya bai nuna ba. Ba damfa ba ne, kowa ya sani, kowa kuma ya karɓa ya ce ya yi daɗi. Saura guda ɗaya a hannunta, Rodney ya matso da faranti.

"Sarge," in ji Mama, "zo nan, ɗan albarka."

Kare ya cafe. Ita ba ta ci komai ba. Ta juya kujera ta fuskanci ruwa, hannu biyu a cinya ba komai a cikinsu, ta daɗe a haka. Merv ya ga abubuwa a rayuwarsa, ya taɓa ɗinke tafin hannunsa da kansa a bayan gari, amma wannan bai iya kallo ba, sai ya tafi saran itacen da ba a buƙata.

Da aka dawo gari an kai ta wurin mai walda. Mutumin ya duba, ya cire hularsa. Ya ce zai iya haɗe bakin tsagar don ido, amma ita da wuta sun rabu har abada.

Marigayiya ta rasu ta bar murfinta, wanda ya tsira da ƙuna, yana nan cikin kaɗaici. Ta bar ƙugiyar ɗaga murfi da Clarrie ya lanƙwasa daga wayar shinge. Ta bar buhun da take kwana a ciki, har yanzu yana ƙamshinta, da ludayi, da shebur abokin aikinta. Ta bar Merv. Ta bar Tegan, wadda ita ce za ta gaje ta, har ta fara iya gane zafin garwashi da bayan hannu. Ta bar Mama Noelene. Ta kuma bar Rodney Sheedy da ransa da lafiyarsa, yana cin abinci sau uku a rana, abin da ke nuna ba kullum mutuwa take zaɓe da kyau ba.

Ana karɓar gaisuwa a rumfar bayan gidan Merv bayan an tashi daga aiki. Mai zuwa ya zo da abin shansa. Duk wanda ya san zai ce "ai ana sayar da irinta a kanti" ya yi zamansa a gida, don shebur ɗin nan ya dawo hannun mai shi. A kanti ƙarfe ake sayarwa, ba a sayar da abin da ke jikin Beryl. Ana kuma sanar da jama'a cewa tukunyar da Rodney ya aiko da ita a madadi, ja mai sheƙi da murfin gilashi, wadda aka ce kada ta kusanci garwashi, ta iso lafiya. Sarge yana shan ruwa a ciki.

Game da jana'iza, Merv ya so a binne ta a gindin lemon bayan gida. Mama Noelene ta hana. Ta tara kowa a teburin cin abincinta, har da wanda ake tuhuma, wanda ya zo da furanni da sabuwar riga, yana ta satar kallon ƙusar da makullin kwale-kwale yake rataye.

"Ba za a binne ta ba," in ji Mama. "Rodney ya ce anka ce. Na yi tunani, na ga ya yi gaskiya. A cika ta da siminti, a dasa mata zobe, a ɗaura mata sarƙa. Ta je ta zauna a ƙasan kogi kusa da mai ita, Clarrie, ta riƙe jirgi."

Fuskar Rodney ta washe. "Wallahi Mama kin yi tunani! Zan kula da ita, duk inda na tsaya kamun kifi..."

"Wa ya ce kai?"

Ta miƙe da gwiwoyin nan nata, ba ta yarda kowa ya taimaka mata ba, ta zare makulli daga ƙusa, ta zagaya ta bayan kujerarsa, ta ajiye a gaban Tegan.

"An hana ki gadon tukunya. Ga na jirgi."

Saboda haka za a yi wa marigayiya sutura ranar Asabar mai zuwa da safe, a bayan gidan Mama Noelene. Rodney ne zai kwaɓa simintin, da shebur, da hannunsa, ba da inji ba. Kerryn ta tabbatar zai zo. In ya bushe, Asabar ta sama za a ɗauki gawa zuwa lanƙwasar kogi. Mota ba ta kaiwa bakin ruwa, don haka daga inda hanya ta ƙare Rodney ne zai ɗauke ta a ƙirji har gangare, ita da simintinta da sarƙarta. An ba shi izini ya zo da sikelinsa in yana son sanin nauyin.

Ba a buƙatar furanni. Ba a yarda kowa ya kusanto da ƙanƙara ba.

Tegan ce za ta tuƙa. Kwale-kwalen mutum huɗu yake ɗauka: ita, da Mama, da Merv, da Sarge. Rodney zai tsaya a bakin gaɓa, ya kalli bayan jirgin.